Darasin Laburare a Intanet: Ba Hotunan Kantoci Ɗalibi Ke Bukata Ba

A jami'o'inmu, darasin amfani da laburare shi ne marayan darussa. Ana cusa shi a shekarar farko, a zauren da ya cika har bakin taga, a haddace shi don jarrabawa, a manta da shi kafin hutu. Saboda haka duk wanda ya ce a mayar da shi kan intanet, ɗalibi ya bi shi ta wayarsa a lokacin da ya ga dama, ina tare da shi. Rigimata da abin da ake shirin ɗorawa ne.

Mun san yadda irin wannan aiki yake ƙarewa. A ɗauki bidiyon ƙofar laburare da kantocin littattafai, a karanto ma'anar katalogi, a bayyana cewa a tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka harafin K na shari'a ne, R na likitanci, sannan a rufe da tambayoyin canki-canka. Ɗalibi ya ci, a ba shi shaida. An yi wa tsohon darasi sabuwar riga ke nan, cutar tana nan a jiki.

Ɗalibin yau ba rashin abin karantawa ne ke damunsa ba. Google Scholar na hannunsa tun 2004. AJOL, taskar mujallun ilimi na Afirka, tana nan tun 1998. Abin da ya gagare shi shi ne rarrabe tsaki da tsakuwa: wace mujalla ce masana ke tace maƙala kafin a buga, wacce ce kuma ke karɓar kuɗi ta buga ko da shirme ne.

Kada a ɗauka wannan rauni namu ne mu kaɗai. A 2017 Sam Wineburg da Sarah McGrew na Jami'ar Stanford sun gwada rukuni uku: malaman tarihi goma, masu tantance labarai goma, da ɗalibai 25 na jami'ar. Aka ba su shafukan ƙungiyoyi biyu na likitocin yara masu suna kusan iri ɗaya, ɗaya babbar ƙungiyar ƙwararru ce, ɗaya ƙaramar ƙungiya ce da ta ɓalle. Fiye da rabin ɗaliban suka fi amincewa da ƙaramar, domin sun tsaya suna duba kyan shafin da tambarinsa. Masu tantance labarai kuwa ba su daɗe a shafin ba. Sun fita, suka buɗe wasu shafuka, suka binciki abin da duniya ke faɗa game da masu shafin. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan dabara: ba a tambayar mai neman aure halinsa, unguwarsu ake zuwa.

Wannan shi ya kamata darasin ya koyar, kuma da aiki, ba da jawabi ba. A bar ɗalibi ya shigo da tambayarsa ta gaske daga sashensa, ya nemo maƙala uku, ya faɗi dalilin da ya sa ya watsar da ɗaya. A ba shi jumlar da ta ce "bincike ya nuna", ya bi sawunta har ya kai ga binciken, ko ya gano babu shi. A ma saka masa madogarar ƙarya da gangan cikin jeri. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamba 2022 wannan ya zama tilas, domin manhajar tana iya ƙirƙiro sunan marubuci da mujalla da lambar shafi. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'i shida da manhajar ta ƙaga. Lauyoyi fa, ba 'yan aji ɗaya ba.

Za a ce irin wannan darasi yana buƙatar mai dubawa, ma'aikatan laburare kuma ba su da yawa. Gaskiya ne, amma nan ne ya kamata kuɗin ya tafi, ba wajen kyamara da ɗan kwangila ba. Rubutu gajere da hotunan allo sun fi dogon bidiyo amfani ga wanda ke lissafin data da cajin waya.

Sauran laifin na malamai ne. Muddin malami zai karɓi aikin da madogararsa ba ta wuce shafin farko na Google ba, ya ba da maki, babu darasin da zai canja ɗalibi. A raba darasin gida-gida, a kai kason bin sawun madogara aji uku, lokacin da ake fara tunanin kundin kammala digiri, kuma mai duba kundin ya buɗe aƙalla madogara biyu da kansa kafin ya sa hannu.