Lahut Da Nasut: Mu San Abin Da Kirista Yake Faɗa Kafin Mu Yi Masa Raddi

 

Akwai wata hanya da ta zama ruwan dare a wurin wasu masu wa'azinmu idan aka zo batun Kiristanci. Sai mutum ya buɗe Baibul ya karanto inda Yesu ya ji yunwa, da inda ya yi barci a jirgin ruwa, da inda ya yi kuka saboda mutuwar Li'azaru, sa'an nan ya dubi jama'a ya ce, to kun ji, ashe mutum ne! Sai a yi kabbara a watse. Alhali da a ce akwai Kiristan da ya san addininsa a wurin, ko gezau ba zai yi ba, domin abin da ake koya masa a majami'a ke nan. Aƙidar manyan ɗariƙunsu, Katolika da Otodoks da Furotesta, ita ce wai Almasihu cikakken Allah ne kuma cikakken mutum. Wanda ya tabbatar musu da mutuntakarsa ya tsaya nan, rabin aƙidarsu kawai ya maimaita musu.

Wannan aƙida ba a rana ɗaya aka tsara lafazinta ba. A shekara ta 325 Miladiyya Sarkin Rumawa Ƙusɗanɗin ya tara shugabannin majami'u a garin Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, saboda wani limamin coci na Iskandariyya mai suna Ariyus ya ce wanda suke kira Ɗa halitta ne, kuma yana da farko. Taron ya la'anci maganarsa, ya zartar da cewa Ɗa da Uba zatinsu ɗaya ne. Daga nan sai wata tambaya ta taso: idan haka ne, yaya allahntaka, wadda littattafan Larabci ke kira lahut, ta haɗu da mutuntaka, wato nasut, a cikin wanda aka haifa, ya girma, ya ci abinci? Wani bishop mai suna Abolinariyus ya ce jikin na mutum ne amma Kalmar Allah ce ta maye gurbin hankalin. Aka yi watsi da shi a taron Ƙusɗanɗiniyya a 381. Nasɗur, babban limamin wannan birni, ya ƙi yarda a kira Maryam mahaifiyar Allah, ya ce a kira ta mahaifiyar Almasihu. Aka tuɓe shi a taron Afisa a 431. A 451 kuma, a taron Kalsidon, aka yanke cewa Almasihu ɗaya ne, uƙnumi guda a istilahinsu, mai ɗabi'a biyu, ba su cuɗanya ba, ba su sauya ba, ba su kuma rabu ba.

A kan wannan Rum da Ƙusɗanɗiniyya suka tsaya, kuma shi 'yan mishan suka kawo ƙasarmu. Amma Kibɗawan Masar da Habashawa da Armeniyawa da wani sashe na mutanen Sham sun ƙi, suka ce bayan haɗuwar ɗabi'a ɗaya ce mai tattare da allahntaka da mutuntaka. Har yau sunan cocin Habasha Tewahedo, ma'ana wanda aka mayar ɗaya, kuma mai Larabci zai ji tushen kalmar tauhidi a ciki, ko da yake ma'anar ta yi hannun riga. Rikicin bai kwanta ba har zamanin Sahabbai. Hiraƙal, sarkin nan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wa wasiƙa, ya nemi sasanta ɓangarorin a 638 da cewa nufin Almasihu ɗaya ne. Taron da aka kammala a 681 ya rushe wannan, ya ce nufi biyu ne.

Malamanmu na farko sun san duk wannan filla-filla. Wanda ya duba Al-Milal wan-Nihal na Shaharastani ko Al-Fisal na Ibnu Hazmi zai tarar sun bambanta Malkaniyya, mabiya Kalsidon, da Ya'aƙubiyya masu ɗabi'a ɗaya, da Nasɗuriyya. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, Allah Ya yi masa rahama, lokacin da wasiƙar Kiristocin tsibirin Ƙubrus ta iso shi, ya amsa ta da Al-Jawabus Sahih, yana kawo maganarsu da lafazinta kafin ya warware ta, har yana ciro tarihin tarurrukansu daga littafin limaminsu Sa'idu bin Biɗriƙ. Ba don tausasawa suka yi haka ba. Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya ta kai mu ga barin adalci, Suratul Ankabut kuma ta sharɗanta kyakkyawar hanya wajen jayayya da Ma'abota Littafi. Jingina wa mutum abin da bai faɗa ba ƙarya ce, ko da kuwa a kan ɓata yake. Kirista ba ya cewa alloli uku ne, ba ya kuma cewa Allah Ya yi aure. Mun ƙi kalmar Ɗa ta kowace fassara, amma sai mu ƙi ta a kan ma'anar da suke nufi.

Haka nan masu ɗaga Ariyus suna kiransa muwahhidi su yi hattara. Gaskiya ne ya ce Almasihu halitta ne, amma ya kuma ce shi ne farkon halittu, ya kasance tun kafin zamani, kuma ta hanyarsa aka halicci kome. Wannan ba aƙidarmu ba ce game da Annabi Isa, bawan Allah kuma ManzonSa.

To ina saɓanin yake? Yana kan haɗuwar kanta. Alƙur'ani da ya ambaci cewa Almasihu da mahaifiyarsa suna cin abinci, ba labarin da kowa ya sani yake ba mu ba. Hujja yake kafawa cewa mabuƙaci ba ya zama abin bauta. Kirista zai ce ai buƙatar ta ɓangaren mutuntaka ce. A nan ne ya kamata tattaunawa ta soma. A babi na 13 na Linjilar Markus an ruwaito cewa Ɗan bai san lokacin tashin Alƙiyama ba. Sai mu tambaya: shi wannan ɗaya da kuka ce bai rabu ba, ya sani ko bai sani ba? In an ce ya sani da allahntaka, ya jahilta da mutuntaka, to sani da jahilci sifofi ne na mai sanin, kuma kun ce shi ɗaya ne. In an raba masu sanin biyu, an koma ga abin da aka tuɓe Nasɗur a kan zarginsa da shi. Haka tambayar take game da mutuwar da suke cewa ya yi a kan giciye, kuma a nan ta fi nauyi a gare su, domin a wurinsu ceto bai yiwuwa sai wanda ya mutu ya zama mutum don ya wakilci mutane, ya kuma zama Allah don fansar ta wadatar. Wannan ne ya sa suka riƙe ɓangarorin biyu gam. Malamansu sukan buga misali da ƙarfen da aka gasa a maƙera: wuta ta ratsa shi, ana dukansa, wutar ba ta jin duka. Amsarmu ita ce wuta da ƙarfe duka halittu ne masu iyaka, ƙarfen yana hucewa, wutar tana mutuwa; ba a ƙiyasta Mahalicci da su. A ƙarshe masu gaskiya daga cikinsu sukan ce wannan asiri ne da hankali ba ya kewaye shi. Mu kuwa muna bambanta abin da ya fi ƙarfin hankali da abin da hankali ya hukunta ba ya yiwuwa.

Kada kuma mu dogara da tsohon rikicinsu kamar yana nan yadda yake. A 1973 Paparoma Bulus na 6 da Shenuda na 3, shugaban Kibɗawa, sun sa hannu a kan bayani guda game da Almasihu, a 1994 kuma Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya yi irin haka da Mar Dinka na 4, shugaban cocin da ake dangantawa da Nasɗur.

Abin da ya sa muka damu shi ne 'ya'yanmu. Tun 1932 aka buga Baibul cikakke da Hausa, kuma ɗalibinmu a jami'a ɗaki ɗaya yake kwana da wanda ya tashi a kansa. Idan abin da ya haddace daga wa'azi shi ne Yesu ya ci ya sha, ranar da abokinsa ya ce masa ai mu ma haka muka ce, zai rasa ta cewa, watakila ma ya soma zargin malaman da suka koya masa. Don haka muke kira ga makarantunmu na Islamiyya da kwamitocin da'awa su sanya darasin milal wan-nihal a azuzuwan manya, kuma kada a ba kowa lasifika a kan wannan batu sai wanda zai iya bayyana aƙidar Kirista ta yadda shi Kiristan zai ce, i, haka muke cewa.