Awo ɗaya ga kasuwanni uku

Wanda ya san Gaya ya san cewa gari ne mai ƙofa biyu. Ɗaya tana duban Malanbil ta Benin, ƙetaren kogin Kwara, ɗaya tana duban Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya. Hatsi da masara da garin rogo sun daɗe suna zirga-zirga tsakanin waɗannan kasuwanni, kuma farashinsu ba zancen ƴan kasuwa ba ne kawai. Hukumar SIMA mai bin farashin kayan gona tana tattara shi daga kasuwannin Nijar da na bakin iyaka, domin mahukunta su hangi yunwa tun tana nesa. Shekarar 2005 ta nuna dalili: hatsi yana kasuwa, amma talaka bai iya sayensa.

To, kafin farashi ya shiga jadawali, akwai aiki. A kasuwa ba a maganar kilo, tiya ake awo da ita, kuma tiyar hatsi kilo biyu da rabi ce, a ƙiyasi. Ba a kuma ƙidaya da faran, da dala ake yi, dala ɗaya faran 5. A misali, idan mai awo ta ce tiya dala 150, ke nan faran 750, kilo ya tashi faran 300. Malamin da ya manta ya ninka da 5 zai rubuta faran 60, sai wanda ke Yamai ya karanta ya ce Gaya tana cikin wadata. A Kamba kuwa da naira ake ciniki, sai an juya ta zuwa sefa. Ga kuma suna: wani ya rubuta hatsi, wani gero, wani hayni da Zabarmanci, wani mil da Faransanci, alhali ƙwaya ɗaya ce. Na'ura ba ta san haka ba, za ta lissafa su kaya huɗu.

Matakan ke nan, kuma su ne dai a kowace kasuwa, kowane mako. Abin mamaki shi ne yadda ma'aikaci mai kwamfuta a gabansa zai buɗe jadawali bayan jadawali yana maimaita su da hannu, kamar magatakardan da. Hannun da ya yi daidai sau tara yana iya kuskurewa a na goma, ba tare da an ga alama ba.

Maganin ba sabo ba ne. A rubuta matakan sau ɗaya, a ba su suna, sa'an nan a bi da kowane jadawali ta cikinsu. Excel yana da hanyar naɗe aiki da ake kira makro tun shekaru da dama, kuma daga fitowar 2016 an haɗa masa Power Query, wanda ke riƙe matakan a jere, ya zuba su kan dukan takardun da aka tara wuri guda. Sharaɗinsa shi ne jadawalan su zo da tsari iri ɗaya: idan wakilin Kamba ya sauya sunan wani sashe, aikin ya tsaya.

Inda hikimar take shi ne raba abin da ke tsaye da abin da ke motsi. Dala faran 5 ce jiya da yau. Amma canjin kuɗi ba ya zama. A watan Janairu na 1994 an karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100 a dare guda. A watan Yuni na 2023 Najeriya ta saki naira, ta yi ta faɗuwa har cikin 2024. Wanda ya cusa canjin cikin kowane lissafi sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyara. Wanda ya ajiye shi gurbi guda, tare da kwanan watansa, gyara ɗaya ya ishe shi. Nauyin tiya ma haka ne, don wata mai awo tana cika ta har ta yi tozo, wata tana share baki, kuma wake da masara ba nauyinsu ɗaya ba. Gara kowace kasuwa da kowane kaya su sami gurbinsu.

Sai dai kuskuren da ya shiga matakan ba ya tsayawa a jadawali ɗaya, duka yake gamewa. A Ingila, cikin Oktoba na 2020, hukumar lafiya ta gano cewa mutum kusan 16,000 da suka kamu da korona ba su shiga ƙidaya ba, saboda tsohon tsarin Excel da ake zuba sakamako a ciki bai ɗaukar layi fiye da 65,536. Na'urar ta yi kwanaki tana zubar da saura ba ta ce uffan ba. Don haka kafin a saki matakan kan kasuwanni duka, a gwada su da farashin Gaya na mako ɗaya da aka lissafa da alƙalami, a kuma ƙirga layukan da suka shiga da waɗanda suka fito.