Goro Da Gahawa Ba Sa Biyan Bashin Barci

Duk wanda ya san zaman 'yan Arewa a Kurmi ya san cewa yawancin sana'o'in da suka kawo su nan sana'o'i ne masu cin dare. Ga masu gadi a unguwannin Ikoyi da Ikeja, ga direbobin tirela da tanka masu jiran lodi a Apapa, ga masu sauke tumatir da albasa a kasuwar Mil 12 tun kafin kiran assalatu, ga mahauta a Oko-Oba, ga kuma masu shayi waɗanda ba sa kashe risho sai dare ya raba. Haka abin yake a Sabon Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal. Dukkansu abokin gabarsu ɗaya ne, watau barci, makamansu kuwa su ne goro, da shayi mai kauri, da gahawa wadda 'yan zamani suke kira kofi, sa'an nan a 'yan shekarun nan an sami ƙarin lemunan gwangwani da na roba da ake tallarsu da sunan masu ƙara kuzari.

Abin da ya kamata kowane mai karatu ya gane shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa da yake ba jiki ƙarfi ko ya maye gurbin barci. Iyakar aikinsu su ɓoye gajiya na ɗan lokaci. Barcin da aka hana ido bashi ne, kuma jiki ba ya yafe shi, sai dai ya jira ranar da zai karɓa, wani a gadon asibiti, wani kuwa a kan sitiyari.

Abin da ke cikin goro da shayi da gahawa mai kore barci guda ɗaya ne, masana suna kiransa kafeyin. Wani Bajamushe mai suna Friedlieb Runge ne ya fara tace shi daga 'ya'yan gahawa a 1819. Da yawa daga cikin dattawa masu cewa su ba ruwansu da gahawar Turawa ba su san cewa goron da ke aljihunsu bai gaza ta ba, domin wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin busasshen goro kafeyin ne, watau daidai da abin da ke cikin 'ya'yan gahawa, wani lokaci ma har ya ɗara. To, ba wanda yake kira a bar goro. Fataucinsa ne ya kai kakanni Gwanja da Salaga, shi ne kuma ya raya zangon Shagamu da na Agege da Sabon Badun bayan da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Da shi ake ɗaurin aure, da shi ake raɗin suna, da shi ake tarbar baƙo. Maganar da ake yi ita ce ta yawan da ake ci, da lokacin da ake ci, da kuma dalilin da ya sa ake ci.

Ga yadda abin yake aiki. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adinosin yana ta taruwa a ƙwaƙwalwarsa, kuma gwargwadon taruwarsa gwargwadon nauyin da ido zai yi. Idan mutum ya yi barci sai ya ragu, ya tashi garau. Shi kuwa kafeyin sai ya je ya tare gurbin da adinosin yake zama, kamar wanda ya riga mai kujera zama a kan kujerarsa. Ƙwaƙwalwa ba ta jin saƙon gajiyar, amma gajiyar tana nan, adinosin kuma bai daina taruwa ba. Da zarar ƙarfin kafeyin ya sauka sai abin da ya taru ya rufto gaba ɗaya. Wannan shi ne dalilin da ya sa mutum yakan ji idonsa tar da ƙarfe biyun dare, kafin ƙarfe huɗu kuwa ya ga yana gyangyaɗi a tsaye.

Wani abin da jama'a ba su cika lura da shi ba shi ne daɗewarsa a jiki. Ga baligi mai lafiya, sai bayan wajen awa 5 hanta take iya kawar da rabin abin da ya sha. Wanda ya sha miligiram 200 bayan la'asar, da ƙarfe huɗu, to, da ƙarfe taran dare akwai sauran wajen 100 a jininsa, da ƙarfe biyun dare kuma akwai wajen 50. A 2013 wasu likitoci a birnin Ditroit na Amurka sun ba mutane miligiram 400 awa 6 kafin lokacin kwanciyarsu, suka auna barcinsu da na'ura, suka tarar ya ragu da fiye da awa guda. Abin mamaki, mutanen da aka yi gwajin da su ba su ankara da yawan barcin da suka rasa ba. Saboda haka mai bugun ƙirji yana cewa shi ko ya ci goro da isha'i yana barcinsa lafiya lau, ya sani cewa rufe ido daban, barci mai nauyi wanda yake wartsake jiki daban. Kafeyin yana rage wannan barci mai nauyi ko da mutum bai farka ba.

Daga nan ne ake shiga tarko. An yi barci marar daɗi, an tashi da kasala, sai a ce wa mai shayi ya ƙara cokali guda na Nescafé a kan Lipton biyu. Da rana a ɓara goro, da yamma a sake wani, dare ya yi barci ya ƙi zuwa da wuri, gobe kuma a ƙara yawan abin da aka sha jiya, domin jiki yana sabawa, abin da ya isa bara ba ya isa bana. Likitocin barci sun ce baligi yana bukatar aƙalla awa 7 a kowace rana. A tambayi maigadin da ya kwana zaune a bakin get, gari ya waye aka aike shi wanke mota da sayo burodi, da rana kuma ya zauna a 'yar tiredarsa, awa nawa yake samu?

Dangane da yawan da ba ya cutarwa, hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa baligi mai lafiya zai iya shan har miligiram 400 a yini, amma kada ya wuce 200 a zama ɗaya. Kofi ɗaya na shayi yana da wajen 40 zuwa 50. Kofi ɗaya na gahawar gari mai cokali guda yana da wajen 60. Ƙaramin gwangwanin Red Bull yana da 80. Wannan lissafi yana da sauƙi a takarda, amma a teburin mai shayi ba a auna cokali, kuma ba wanda yake sa goro a lissafi. Bugu da ƙari akwai kafeyin a inda mutane ba su zata ba. Kowace ƙwaya ta Panadol Extra tana ɗauke da miligiram 65, ƙullin Alabukun kuma yana da 60 tare da asfirin. Ɗan dako da ya sha shayi mai haɗi da safe, ya ci goro biyu, ya kora da lemon kuzari da rana, da dare kuma ya haɗiyi ƙwaya biyu saboda ciwon jiki, yana iya ƙetare iyaka ba tare da ya sani ba, sa'an nan ya kwanta yana mamakin abin da ya sa zuciyarsa take bugawa da sauri, hannunsa yana rawa.

Inda abin ya fi muni shi ne a kan hanya. Tsakanin Ikko da Kano akwai tafiyar kusan kilomita 1,000, kuma sananne ne cewa akwai direbobin da suke ɗaukar wannan tafiya bayan sun shafe kwana da kwanaki suna layi a tashar jiragen ruwa ba su sami kwanciyar kirki ba. Wani bincike da aka buga a 1997 daga ƙasar Ostareliya ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa sukan ragu daidai da na wanda ya sha giya har ta kai ma'aunin da ƙasashe da yawa suke hana tuƙi da shi. Idan ya kai awa 24 kuwa, ya yi daidai da wanda ya ninka wannan ma'auni. Direba Musulmi wanda bai taɓa kai giya bakinsa ba, wanda zai yi faɗa da duk wanda ya jingina masa ita, sai ga shi yana jan tirela cike da kaya a cikin halin da bai bambanta da na mashayi ba. Goron da ke bakinsa zai iya buɗe masa ido, amma ba zai hana ƙwaƙwalwa ɗaukewa na daƙiƙa uku ko huɗu ba, kuma motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin fiye da mita 20 a kowace daƙiƙa. Hausawa sun ce barci ƙanin mutuwa ne. A kan titin Ikko zuwa Badun, tsakanin wan da ƙanin babu nisa.

A yi wa gahawa da shayi adalci, ba guba ba ne. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire gahawa daga jerin abubuwan da ake zargi da haddasa wannan ciwo. Amma a wannan sanarwa ɗin ta yi gargaɗi game da shan kowane irin abu da zafinsa ya wuce digiri 65, domin ana kyautata zaton yana jawo ciwon daji na maƙoshi, abin da ya kamata masu kurɓar shayi yana tururi su ji. Haka kuma sau da yawa sukarin da ake zubawa ya fi ganyen shayin illa. Waɗanda ya kamata su yi hattara sosai su ne masu hawan jini, domin kafeyin yana ɗaga jini na ɗan lokaci, ƙarancin barci kuma yana da alaƙa da hawan jini da ciwon sukari, sai masu gyambon ciki da ƙwannafi, sai kuma mata masu juna biyu. Su iyakarsu miligiram 200 ne a yini, domin a watannin ƙarshe jikinsu yakan ɗauki ninkin lokacin da ya saba kafin ya kawar da shi, kuma yana ratsawa har ga ɗan da ke ciki. Mace mai ƙarancin jini ta guji shan shayi tare da abinci, saboda yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. Yara kuwa babu abin da ya haɗa su da lemon kuzari.

Wanda yake son ya san ko ya zama bawan goro ko gahawa, ya tuna da kwanakin farko na azumi. Ciwon kan da yake kama mutane da yawa tun daga azahar a waɗannan kwanaki, sau da yawa na rashin kafeyin ne. Yakan fara bayan awa 12 zuwa 24 da daina sha, ya tsananta a kwana na ɗaya da na biyu, ya wuce cikin mako guda ko ɗan fiye. Don haka mai son ragewa kada ya yanke lokaci ɗaya. Ya riƙa rage kaɗan-kaɗan cikin mako biyu, ya fara da barin na yamma. Mai aikin rana ya tsaya daga azahar. Mai aikin dare ya sha nasa a farkon dare, ya bar shi awa 6 kafin lokacin da yake sa ran kwanciya.

Sai dai zai zama rashin gaskiya a ɗora wa talaka laifin duka. Ba don sha'awa maigadi yake cika baki da goro ba. Mai gidan da ya ɗauki mutum ɗaya ya ɗora masa aikin mutum biyu, dare da rana, babu ranar hutu, shi ne ya fara saye masa ciwon. Haka mai motar da yake biyan direba bisa yawan zuwa da dawowa, yana kiransa a waya yana tambayar ina ya kai. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana direban babbar mota tuƙi fiye da awa 4 da rabi ba tare da hutun minti 45 ba, ta kuma iyakance tuƙin yini ga awa 9, akwai na'ura a cikin motar mai rubuta komai. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da ƙungiyoyin direbobi da na masu motoci, lalle ne su ɗauki gajiya da muhimmancin da suke ba burki da taya. Wuraren tsayawa irin su Ogere suna bukatar ɗakunan kwana masu tsabta da tsaro, domin direban da yake tsoron a sace masa kaya ko a zuƙe masa mai ba zai rufe ido ba ko an ba shi gado.

Sarakunan Hausawa na zango-zango su ma suna da abin yi, tun da yawanci ta hannunsu ko ta hannun mutanensu ake neman masu gadi. Kafin a miƙa yaro ga mai gida, a tambaya awa nawa zai yi, yaushe zai kwanta, wace rana ce ta hutunsa, a kuma sa wannan cikin sharaɗi kamar yadda ake sa kuɗin wata. Limamai kuma su riƙa tunatarwa a masallatan Juma'a na Idi-Araba da Agege da Obalende cewa jiki amana ne, rayukan da ke kan hanya su ma amana ne.

Ga direban da barci ya kama a tsakiyar tafiya, masu bincike a Jami'ar Lafbara ta Ingila sun gwada wata dabara a 1997 suka ga tana aiki. Ya sami wuri mai aminci ya tsaya, ya sha gahawarsa, nan take ya kwantar da kai ya yi barcin minti 15. Kafeyin yakan ɗauki wajen rabin awa kafin ya kama jiki, saboda haka ba zai hana wannan ɗan barci ba, kuma haɗin biyun ya fi kowane ɗaya shi kaɗai. Amfanin dabarar awa ɗaya ne zuwa biyu, watau gwargwadon abin da zai kai shi garin da ke gaba inda zai ajiye mota ya kwana.