Kasuwar Suna A Intanet: Wa Ke Riƙe Da Mudun Auna Malaman Tawa?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen buhun albasa a Galmi ya san ba a yarda da bakin buhu. Manya ake jerawa a sama, sai an zazzage ake ganin abin da ke gindi. Wannan darasi da ɗan kasuwa ya sani tun yana yaron shago, shi ne wasu masu manyan digiri ke neman mantawa, tun da aka buɗe wata sabuwar kasuwa a intanet inda malamin jami'a ke baje sunansa kamar haja.

Rumfunan kasuwar sanannu ne. Akwai Google Scholar da aka buɗe a 2004, akwai ResearchGate da Academia.edu da suka zo a 2008, ga kuma Facebook da WhatsApp da ke aljihun kowa. Malami zai buɗe shafi, ya jera takardun bincikensa, na'ura ta riƙa ƙirga masa sau nawa aka karanta, sau nawa wani ya ambace shi. A 2005 wani masanin kimiyya a Amurka, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro lissafin da ke dunƙule aikin mutum gaba ɗaya cikin lamba guda. Daga nan lamba ta zama rawani. Mai babbar lamba shi ne malam, mai ƙarama kuwa ko gaisuwa sai ya yi sa'a.

To, jama'ar Adar suna da haƙƙin tambaya, domin da kuɗin harajinsu ake biyan albashi. A 2010 aka kafa jami'ar Tawa tare da ta Maraɗi da ta Damagaram, don kada ɗan talaka ya dogara ga Yamai kaɗai. Daga baya aka raɗa mata sunan Djibo Hamani, masanin tarihin da ya wallafa littafinsa kan Adar kafin zuwan Nasara a 1975, a cibiyar bincike ta IRSH. Mutumin nan bai yi suna da danna waya ba. Ya nemi tsofaffi, ya tono rubuce-rubuce, ya bi sawun yadda Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya kafa sarauta a Adar. Shekaru sun shuɗe, duk mai son sanin ƙasar nan har yau ta kansa yake bi. Shin jami'ar da ke ɗauke da wannan suna, da wane mudu za ta auna malamanta?

Masu kare wannan kasuwa suna cewa lamba ba ta ƙarya, ba ta san ɗan wane ba, ba ta karɓar goro. Ashe! A 2010 wani malami a Grenoble ta Faransa, Cyril Labbé, ya ƙago masani na bogi mai suna Ike Antkare. Ya sa kwamfuta ta tsara masa takardu kimanin 100 marasa ma'ana, kowace tana ambaton ƴan uwanta. Google Scholar ta haɗiye su, mutumin da ba a taɓa haihuwa ba ya zarce Albert Einstein a ma'auni. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika wata takardar ƙarya kan maganin kansa, cike da kurakurai da gangan, ga mujallu 304 masu karɓar kuɗin bugawa. Guda 157 suka amince da ita. Abin da ya kamata ya sosa ran kowane ɗan Afirka shi ne sunayen marubutan da cibiyoyinsu duk na Afirka aka ƙago musu. Ita ma ResearchGate, da bakinta ta soke makin da take bai wa malamai a 2022, bayan shekaru ana sukar cewa ba wanda ya san yadda take lissafa shi. Mudun da mai shi ya jefar, don me za a tsince shi a kawo Tawa?

Haɗarin ya fi tsanani ga ƙaramin malami. Ƙarin girma a jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci ya daɗe yana bi ta hannun hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mazauninta kuma yana Wagadugu, kuma ba a hawa mataki sai da takardun da aka buga. Dillalai sun san haka. Saƙo zai shigo wa malami cikin dare, cike da kirari, ana yi masa alkawarin buga takardarsa cikin mako guda idan ya biya da dala ko yuro. Ba mai dubawa, ba mai gyara. Ya ciri kuɗin hatsin gida ya aika, ya samu layi guda a shafinsa, abokai su yi ta yi masa barka a Facebook. Wannan algus ne, ko da an yi shi da Turanci. Mai saka ruwa a nono da mai sayen suna a mujallar bogi sana'arsu ɗaya, sai dai na biyun ya fi ɓarna, don shi zai koyar da alƙalan gobe da masu riƙe baitulmali.

Kada wani ya ce ana kiran malamai su rufe wayoyinsu su koma zamanin tawada. Laifin wuƙa ba ya wuce hannun mai riƙe da ita. Malamin da ke Tawa, nesa da manyan ɗakunan karatu, ta waɗannan hanyoyi yake samun takardar da kuɗin sayenta ya fi ƙarfin aljihunsa, ta nan yake rubuta wa takwaransa na Sakkwato ko Dakar, ya samu amsa kafin la'asar. Akwai rumbuna na gaskiya, kamar AJOL da ke tattara mujallun Afirka tun 1998, da HAL ta Faransa inda ake ajiye bincike kowa ya karanta kyauta. Wanda ya ɓoye aikinsa a aljihun tebur shi ma ya ci amanar jama'a.

Babbar tambaya ita ce: ilimin da aka ɗiba daga Adar, yaushe zai dawo Adar? Tun 1984 aka fara aikin Keita da kuɗin Italiya da hannun FAO, mata suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da fako. A ƙarshen shekarun 1980 manoman Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso suka ga ramukan shuka, suka dawo suka inganta tassa, ƙasar da ta mutu ta ba da hatsi. An rubuta rahotanni da kundayen digiri a kan waɗannan ayyuka, masana da yawa sun yi suna da su a Turai da Amurka. Matar da ta ɗauki dutsen fa, wa ya koma ya gaya mata da Hausa ko Tamajak abin da aka gano? Ɗan kasuwar da albasarsa ke ruɓewa kafin ta kai Abijan, ina zai ji sakamakon bincike kan ajiya? Wayar da malami ke ƙirga masu yaba masa da ita, ita ce ke hannun manomi da ɗan ci-rani. Saƙon murya na minti biyar cikin harshen gida zai kai inda takarda mai shafi 30 ba za ta taɓa kai ba.

Su ma magabata suna da nasu kason. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗauri. A 2022 aka cire ɗaurin kan zagi da ɓata suna, a watan Yunin 2024 aka maido da shi. Malamin da ya gano inda kuɗin wani aiki suka zurare zai yi tunani sau bakwai kafin ya baje sakamakonsa. Idan tsoro ya rufe bakin mai bincike, abin da zai rage a shafinsa sai hotunan taro da gaisuwar sallah.

Saboda haka abin da ake nema a bayyane yake. Hukumar jami'a da ƙungiyar malamai ta SNECS su fitar da jerin mujallun da aka yarda da su, duk wanda ya kai kuɗinsa wani wuri ya san asara ya yi. Kwamitin ƙarin girma ya zazzage buhu, ya karanta aikin da idonsa, kada ya tsaya ga lamba. Kowane kundin digiri da aka yi da kuɗin ƙasa a sa shi inda kowa zai samu kyauta, tare da taƙaitawa cikin harshen mutanen da aka yi binciken a kansu. Ma'aikacin gwamnati kuma, kafin ya ɗauki wani a matsayin ƙwararre ya sa masa hannu a kwangila, ya tambayi abin da ya rubuta da wanda ya duba shi, kamar yadda ba ya sayen rago sai ya taɓa.

Mutanen Adar sun san bambancin mai suna da mai aiki. Rijiya ba ta yin suna don faɗin bakinta, sai don ruwan da ake samu cikinta a watan bazara. Malaman Tawa su zaɓi irin sunan da suke so a kira su da shi a kasuwar Keita da ta Abalak, domin a can ne za a yi musu hisabi.