'Yan Bindigar Suleja Su Yi Koyi Da Masu Gasar Harbi

'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun, duk wanda ya je gida Salla a Suleja ya san ba a hawan Sarkin Zazzau sai da 'yan bindiga. Abin sha'awa ne. Amma yadda wasu samari ke ɗura bindigar toka a tsakiyar taro, suna auna albarushi da tafin hannu, abin tsoro ne ƙwarai.

A gasar Olamfik akwai harbin ƙaramar bindiga daga nisan mita 25. Maharbi zai harbi abin bara guda 5 cikin daƙiƙa 8, sa'an nan 6, sa'an nan 4. Duk da wannan gaggawa, ba ya sa harsashi a gidan harsashi sai alƙali ya ba da umurni, kuma guda 5 kawai zai sa. Wanda ya yi azarɓaɓi ya ɗura kafin umurni, hukunci ya hau kansa komai ƙwarewarsa. Bakin bindiga kuwa kullum yana duban wajen bara.

To, waɗannan fa harsashinsu na kamfani ne, an riga an auna shi. Ina ga wanda ke zuba albarushi da kansa? In ya yi yawa bututu na iya tsagewa, ya tafi da yatsu ko ido.

Ya kamata fada ta sa a yi wa kowane ɗan bindiga ma'auni ɗaya, a keɓe wurin ɗuri nesa da mata da yara, kada kuma kowa ya ɗura sai Sarkin Bindiga ya ce.