Ba a fafe gora ranar tafiya: ƙorafi kan yadda muke lodin kayan ƙwallo

1/ Bari in faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai. Da yawa daga wasannin da ƙungiyoyin ɗalibai ke faɗuwa a yankinmu, tun a tasha aka cinye su. Ba gola ba ne, ba rafali ba ne, ba asiri ba ne. Yadda muke haɗa kaya ne. Ku biyo ni.

2/ Daga Gumel zuwa Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar ba wata tafiya ba ce, duk masarauta ɗaya. Amma dubi yadda ake tashi: mota ɗaya, ƴan wasa sun haye cinyar juna, ƙwallaye a ƙafa, ledar fiya wata a wuya, jesi a Gana-mas-go mai mataccen zif. A sauka ƙafa ta sage, a ce a shiga fili.

3/ Sai an je a fara kallon-kallo. Wa ya ɗauko famfo? Ina safar hannun gola? Katin shaidar wane fa? Kowa ya zata ɗan uwansa ne ya ɗauko. Kayan kowa da kowa, ai kayan ba kowa ba ne.

4/ Ku duba dokar wasa ta 4. Abu 5 ne dole ga ɗan wasa: riga mai hannu, gajeren wando, safa, kariyar ƙwauri da takalmi. Dole kalar ƙungiyoyi biyu ta bambanta, ta gola ma daban. Ka je da jesi kala ɗaya tak, ka tarar masu gida sun sa irinta. Sai yaya? Aro?

5/ Ƙwallo ma da ƙa'idarta: nauyi giram 410 zuwa 450, da iya iskar da aka yarda. Wadda ta sha rana a saman mota ba a gwada ta ba, kada ka yi mamakin yadda za ta yi tsalle. Allurar famfo ba ta kai kuɗin katin waya ba, amma rashinta na tsayar da atisaye gaba ɗaya.

6/ Abin haushin, mu fa gwanaye ne a lodi. Je ka kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka ga yadda ake shirya shanu a tirela zuwa Kudu. An ƙirga, an rubuta, an ɗaure, an sa masu rakiya. Ba mai cewa "a zuba kawai, Allah ya kiyaye."

7/ Ko kalli ranar jere. Gwaggo da inna sun san adadin kwanuka, sun san wane kwali ne na tangaran, sun san wace ce za ta zauna a gaban mota ta riƙe madubi. Cokali ɗaya ya ɓata sai an yi bincike. Iyayenmu mata sun fi kwamitin wasanninmu tsari, wallahi.

8/ To me ya sa in aka zo kan ƙwallo sai hankalin ya gudu? Saboda mun raina aikin. Wanda ke kula da kaya muna ce masa ɗan dako. Kowa so yake ya zama kyaftin ko manaja, ya fito a hoton Facebook. Manyan kulob na Ingila albashi suke biyan mai kula da kaya. Mu dariya muke masa.

9/ Na san amsar: "Ba kuɗi." Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya yi sama. Amma takarda da biro nawa ne? Kuma tsadar ai ita ce dalilin shiri. Wanda ya manta katunan ƴan wasa ya tura mai mashin ya koma, sau biyu ya biya.

10/ Kuma kuɗin fosta da sabuwar jesi mai suna a baya bai taɓa gagara ba. Akwatin taimakon gaggawa ne kullum "sai wani karo." A watan Afrilu zafi na haura digiri 40 a nan. Yaro ya faɗi, ba ORS, ba bandeji, ba ƙanƙara. Sai fifita da kwali. Haba jama'a!

11/ Maganar ta wuce cin wasa. Ranar 31 ga Mayun 2025 motar tawagar Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa daga kan gada a hanyar Zariya zuwa Kano. Sama da mutum 20 suka rasu. Hukumar FRSC ta ce mai yiwuwa gajiya ce da gudu bayan tafiyar dare. Allah ya jiƙan su.

12/ Don haka shirin tafiya ya haɗa da direba da lokacin tashi. Gumel zuwa Kano kusan kilomita 120 ne. Wanda ke mafarkin gasar NICEGA ko NUGA, tafiyar da ta ninka wannan ke gabansa. In gajeriyar ta gagare mu, doguwar fa?

13/ Ga abin da nake kira a yi, ba ya buƙatar kwangila:
• Mutum ɗaya da sunansa shi ke da alhakin kaya
• Jerin kaya a rubuce, a tura a guruf ɗin WhatsApp
• A haɗa tun daren jajibiri
• A ƙirga kafin tashi, a ƙirga kafin dawowa

14/ Jaka 4 daban-daban, kowacce da rubutu a jiki:
• Jesi kala biyu, safa, kayan gola
• Ƙwallaye, famfo, allura, usur
• Magani, bandeji, ORS, ruwa
• Katunan shaida da takardar sunaye, wannan a hannu take zama, ba a but ba

15/ Wajen lodi, mai nauyi a ƙasa. Abin da za a fara nema shi ake sa wa a ƙarshe, a bakin ƙofa. Kujera ta mutum ce, ba ta kaya ba. In kayan sun yi yawa a nemi akori-kura, ko ƙungiyoyi biyu masu hanya ɗaya su haɗa kuɗi.

16/ Ku masu tashi daga hostal ko ɗakin haya ƙarshen zango, dokar ɗaya ce. Takardun makaranta a jakar hannu. Jakar daren farko daban: tabarma, gidan sauro, buta, tocila, caja. Tukunyar gas a tsaye, janareto a juye mansa. Kada ka isa da magariba kana kwance ƙulli goma don neman buta.

17/ Kyaftin-kyaftin da ƴan kwamitin wasanni na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, tambaya ɗaya: wa ke riƙe da jerin kayanku? Ku rubuta muƙaminsa a ƙasa. In kun yi shiru, kada wanda ya sake zagin gola ranar Asabar.