Filin ƙwallon kwando a bayan gida: Tsadar ba a siminti kaɗai take ba

A kwanakin baya zumunci ya kai ni Kunduru, a Ƙaramar Hukumar Kankiya, inda wani ƙanena da ya daɗe yana aiki a Abuja ya ja ni gefe, ya zagaya da ni bayan gidan da ya gina a garin. Ya nuna mini wani fili da aka share, ya ce: "Yaya, a nan nake so in yi wa yara filin ƙwallon kwando. A makarantarsu ta can suka koyi wasan, idan sun zo hutu sai su rasa abin yi. Nawa kake jin zai ci?" Ban ba shi amsa nan take ba, domin aikin gini ba a yi masa shaci-faɗi. Sai muka aika aka kira wani dattijon birkila, muka zauna a inuwar darbejiya da takarda da biro. Abin da lissafin ya nuna shi ne ya sa na ga ya dace in kawo maganar a wannan shafi, domin ta wuce ta ƙanena shi kaɗai, ta shafi duk mai hali da ke neman abin da zai yi wa yara a Kankiya da Kusada da maƙwabtansu.

Bari mu fara da awo. Cikakken filin ƙwallon kwando, bisa ƙa'idar hukumar wasan ta duniya, wato FIBA, tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa mita 15, wato murabba'in mita 420 ke nan. Idan mai karatu na son ya hango girmansa, to ya ɗauki fuloti guda mai ƙafa 50 a ƙafa 100. Filin zai cinye shi kusan ɗungurungum, ba tare da an bar wurin da 'yan kallo za su tsaya ba. Saboda haka mafi yawan masu yi a gida rabi suke yi, irin wanda ake buga wasan mutum uku-uku a kansa, mai mita 15 a mita 11, wato murabba'in mita 165. Zoben da ake jefa ƙwallo a cikinsa kuwa ana kafa shi ne a tsayin mita 3.05 daga ƙasa, a jikin allo mai faɗin mita 1.8.

Idan za a zuba wa wannan rabin fili kankare mai kaurin santimita 10, da haɗin da maginanmu suka saba, wato awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, to ana buƙatar buhun siminti 100 da 'yan kai. Cikakken fili kuwa zai laƙume kusan buhu 265. Mai karatu zai iya tuna cewa a farkon shekarar 2024 farashin buhu ɗaya ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, har sai da Gwamnatin Tarayya ta zauna da manyan kamfanonin siminti a watan Fabrairu na shekarar, aka yi matsaya a kan Naira 7,000 zuwa 8,000. Idan muka yi lissafi da Naira 10,000, simintin rabin fili kaɗai ya kai Naira miliyan ɗaya. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, sai ya tara albashinsa na sama da wata 14, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi simintin nan.

Wannan kuwa somin-taɓi ne. Akwai tifofin yashi da na tsakuwa, waɗanda kuɗin ɗaukarsu ya tashi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Akwai ciko da jar ƙasa da dandaƙe ta, akwai rodi ko ragar ƙarfe da za a shimfiɗa a cikin kankaren, akwai ladan birkila da leburori, da na mai walda da zai haɗa turke da zobe, da fenti na zanen layuka. Akwai kuma ruwa, domin sabon kankare sai an yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda, ba ya kuma cika ƙarfinsa sai bayan kwana 28. Dattijon birkilan nan ya ja kunnen ƙanena da cewa: "Alhaji, idan ka rage siminti, ko ka ƙi barin gangara inda ruwan damina zai bi, rana da ruwa za su farfasa maka shi kafin yaran su gama sakandare." Gaskiya ya faɗa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

To amma a ganina, babbar tsadar ba a takardar birkila take ba. Ta farko ita ce ƙasar kanta. A gari irin Kunduru bayan gida ba kango ba ne. A nan ake turke tumaki da awaki, a nan rumbu yake, a nan ake shanya gero da dawa da gyaɗa, a nan uwargida ke shuka kuɓewa da yakuwa da damina, kuma nan ne ake hangen ɗakin da za a yi wa yaro idan ya isa aure. Wanda ya rufe murabba'in mita 165 da kankare ya rufe duk waɗannan da hannunsa, saboda wasan da za a yi makonni kaɗan a shekara.

Ta biyu ta fi wannan nauyi. Ƙwallon kwando wasan taro ne. Mutum biyar-biyar ke buga shi, ko uku-uku idan an taƙaita. Gidan Bahaushe kuwa yana da zaure, kuma kowa ya san abin da ake nufi da "ba a shiga". Saurayin da ya balaga ba zai ratsa cikin gidan maƙwabci ya wuce bayan ɗakunan matan aure domin ya yi wasa ba, kuma babu maigidan da zai amince da haka. Ƙarshenta yara uku ko huɗu ne za su yi ta jifa su kaɗai har su gaji, su koma kan waya, yayin da yara ɗari ke leƙe ta saman katanga. Siminti buhu 100 ɗin nan, idan aka zuba shi a harabar makarantar firamare ko a filin unguwa, ko kwabo ba zai ƙaru a kan kuɗinsa ba, amma masu cin moriyarsa za su ninka sau da yawa. Wannan shi ne abin da na faɗa wa ƙanena, shi ne kuma kiran da nake yi a nan.

Tarihin wasan ma yana goyon bayan wannan ra'ayi. A makaranta aka haife shi, a shekarar 1891, lokacin da wani malami mai suna James Naismith, a garin Springfield na ƙasar Amurka, ya rataye kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace domin ɗalibansa su sami abin motsa jiki a lokacin sanyi. Hakeem Olajuwon, wanda ya ci kofin gasar NBA ta Amurka a 1994 da 1995 tare da ƙungiyar Houston Rockets, a makarantarsa ta Legas ya fara taɓa ƙwallon, bayan ya riga ya zama saurayi. Masai Ujiri, wanda yake shugabantar ƙungiyar Toronto Raptors ta Kanada lokacin da ta ci kofin a 2019, a Zariya ya tashi, a filayen da kowa ke zuwa ya koyi wasan. Da Allah Ya ɗaukaka shi, sai ya kafa gidauniyar Giants of Africa a 2003, a 2021 kuma ya sanar da ƙudurin gina filaye 100 a faɗin Afirka, ba don 'ya'yan gidansu ba, don 'ya'yan jama'a.

Mu Katsinawa ma ba baƙi ba ne a wannan darasi. Wasan nan na Fives, da ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, malaman Turawa ne suka shigo da shi makarantun Arewa a shekarun 1920, kuma marigayi Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya yi fice wajen ƙaunarsa. Abin da ya sa wasan ya yi saiwa a Katsina da sauran garuruwan Arewa shi ne an gina bangayensa a makarantu da cikin gari, inda ɗan sarki da ɗan talaka ke haɗuwa da yamma. Da a bayan gidajen manya aka ɓoye su, da tuni wasan ya bi Turawan da suka kawo shi.

Na san wani zai ce, a ƙauyen da ake fama da ƙarancin ruwan sha da na azuzuwa da na magani a asibiti, ga kuma matsalar tsaro da ta daɗe tana ci wa Jihar Katsina tuwo a ƙwarya, ina ruwan wani da ƙwallon kwando? Wannan tambaya tana kan hanya, kuma ba na cewa a bar rijiya a gina fili. Sai dai mu tuna da irin ɓarnar da zaman banza ke yi wa matasanmu, musamman da rani bayan an kawar da amfanin gona. Ba mu manta ba cewa a watan Mayun 2018 sai da Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai sinadarin kodin, saboda yadda samari da 'yan mata suka mayar da shi abin maye. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron da ya san abokansa na jiransa a fili bayan La'asar, ya kuma san idan ya sha wani abu ƙafarsa ba za ta ɗauke shi ba, ya sami katangar da wa'azi kaɗai ba zai gina masa ba.

Akwai wuri guda da nake ganin katanga na da amfani, wato wajen 'ya'ya mata. Iyaye da yawa ba za su bar 'yarsu ta yi wasa a bainar jama'a ba, kuma ina fahimtar dalilinsu. Amma maganin wannan shi ne a yi fili a cikin makarantun 'yan mata, ƙarƙashin kulawar malamai mata, da suturar da ta dace da addini da al'ada. Kada mu manta cewa ƙungiyar mata ta Nijeriya, D'Tigress, ita ce ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, ita ce kuma ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik, a birnin Paris a 2024. Babu abin da ya hana 'yar Kunduru ko 'yar Kusada samun lafiyar jiki da horon da wasan ke bayarwa, ko da ba ta taɓa sa rigar ƙasa ba.

A nan ne zan juya ga shugabannin ƙananan hukumomi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye. Duk yadda aiwatar da hukuncin ya kasance, talaka na da haƙƙin tambayar abin da aka yi masa. Ƙaramin fili guda a kowace mazaɓa bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Abin da na fi tsoro shi ne kada a mayar da shi kwangilar sakayya ga 'yan siyasa, a rubuta kuɗin fili uku a zuba simintin rabin guda. Shi ya sa na kawo lissafin buhuna dalla-dalla a sama, domin duk mai iya ƙirga ya tsaya a bakin aiki ya ƙirga. Haka kuma wajibi ne hakimai da dagatai da shugabannin makarantu su tsare filayen da ake da su, domin kowa shaida ne kan yadda ake yanka filayen makarantu da na wasa a garuruwanmu ana mayar da su shaguna. Siminti ana iya sayensa baɗi, amma filin da aka sayar ya tafi ke nan.

Bugu da ƙari, ba dole ne a jira miliyoyi kafin a fara ba. Iyayenmu mata sun iya daɓen ƙasa da tsakuwa da makuba tun kafin siminti ya zo ƙasar Hausa, kuma daɓe mai kyau yana ɗaga ƙwallo da rani. Turke guda na ƙarfe, da allon katako, da zoben da mai waldan gari zai lanƙwasa, sun isa yara su fara. Idan aka ga sun riƙe wasan, sai ƙungiyar ci gaban gari da 'yan asalin garin mazauna birane su haɗa hannu a zuba kankare, a kuma naɗa wanda zai riƙa kula da shara da fenti da ajiyar ƙwallo, domin abin da ba shi da mai shi ba ya daɗewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da za mu rabu, ƙanena ya naɗe takardar lissafin ya sa a aljihu, ya ce: "To Yaya, idan na kai shi makaranta, yaran nawa fa?" Na ce masa su ma can za su je, kuma a can ne za su san 'yan garinsu, wanda shi ne dalilin da ya sa yake kawo su gida hutu tun farko. Bai ce mini e ba, bai kuma ce a'a ba, sai dai ya tambayi birkilan ko filin makarantar yana riƙe ruwa da damina. Ina fata masu hali irinsa, a Kunduru da sauran garuruwanmu, za su yi wa kansu wannan tambaya kafin tifar farko ta juye yashi a bayan gida. Allah Ya shirya mana zuriyya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.